Direban da Ya Koma da Ƙafa

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Ba shi yake faɗa ba, 'yan tasha ne, kuma su suka laƙaba masa Sannu-Sannu har sunan yanka ya ɓace. Ya ja babbar mota shekara goma sha takwas, ya dawo ya ja bas, daga baya ya ja manajan wani kamfanin takalma, har su biyun suka tsufa tare suka ajiye aiki. Ba ya kunna rediyo a mota. Idan an shigo gari ba ya amsa hirar fasinja. In matasan direbobi suka tsokane shi suka ce, "Baba, ɗazu mai keke ya wuce ka," sai ya ce, "Allah ya kai shi lafiya. Ma haɗu a gaba."

Duk wanda ya koyi mota a hannunsa ya san akwai magana ɗaya da yake bari sai ranar sallama. Zai ja ka gefe ya ce, idan tsautsayi ya sa ka bugi mutum, kada ka tsaya. Ka taka mota sai ofishin 'yan sanda, ka ajiye makulli a kan tebur, ka ce ga ni. Ba ya son a tambaye shi dalili, amma tsofaffin tasha sun sani. Yana da shekara goma sha tara yana karen mota a wurin wani direba da ake kira Dogo, sai wani mai kaya a ka ya ratsa titi a bakin wata kasuwa. Dogo ya taka birki, bai isa ba. Ya tsaya, ya sauko hannu bisa ka, ya nufi mutumin don ya ɗaga shi. Kasuwa ta watse ta yo kansu. Wasu suka ɗauki mai kayan suka sa a mota sai asibiti, kuma ya warke, har an ce ya ƙara aure. Dogo kuwa, takalminsa ƙafa ɗaya Sannu-Sannu ya kai wa matarsa.

Bayan rasuwar tasa matar da shekara biyu, 'yarsa Auta ta matsa masa sai ya zo ya huta wata uku a wurinsu. Tana aure a wata ƙasa mai nisa da sanyi, tana aiki a gidan kula da tsofaffi a bayan gari. Mijinta mai gyaran lif ne a dogayen gine-gine, kowa Injiniya yake ce masa. Tsohon ya haɗa kayansa, ya sa lasin ɗin ƙasa da ƙasa a aljihun ciki, ba don yana sa ran tuƙi ba, sai dai direba ba ya tafiya babu takarda. Sati biyu da zuwansa Injiniya ya faɗo daga tsani, aka naɗe masa ƙafar dama, aka ce sai ya yi wata biyu. Auta kuwa sau biyu tana faɗuwa jarrabawar tuƙi, bas ɗin wurin aikinta kuma sai awa-awa. Tsohon ya yi kwana uku yana kallonta tana fita da laima tana dawowa jiƙe. A na huɗu ya ajiye lasin ɗinsa a kan teburin kicin.

Koya wa suruki tuƙi ba ƙaramin abu ba ne, balle surukin da ya riƙe sitiyari tun ba a haife ka ba. Injiniya ya zauna da ƙafarsa miƙe a kan kujera yana juya makulli a hannu, idonsa a ƙasa.

"Ki gaya wa Baba, a nan hannun hagu ake bi."

"Ga Baban a gabanka," in ji Auta. "Ko kurma ka mai da shi?"

"Na ji," in ji tsohon. "Ci gaba, Injiniya."

Ya ci gaba, yana yi yana neman afuwa. A shataletale wanda ke ciki shi ke da hanya, kuma ta dama zai ɓullo maka. Mai tafiya a ƙasa in ya ɗora ƙafa a kan fararen layuka, mota ta tsaya, ko babu danja. Akwai kyamara a kan falwaya, ba ta jin roƙo. Danna oda kuma a nan zagi ne.

"To da me ake gaisawa a hanya?"

"Ba a gaisawa, Baba."

"Allah sarki."

"In ɗan sanda ya tsayar da kai, kada ka fito ka tarye shi. Ka zauna, hannu a sitiyari. Kuma kada a ba shi komai."

"Ko na goro?"

"Musamman na goro." Injiniya ya share goshi. "Sai jan layin nan na gefen titi. Na masu keke ne, kuma ba sa kaucewa, don sun san hanyarsu ce. Kafin ka karya hagu ka juya wuya ka duba. Madubi kaɗai bai isa ba."

Daga nan Injiniya ya daina juya makullin. Ya dubi matarsa, ta kawar da kai. A wurinta ya ji labarin Dogo. A karon farko ya ɗago ya dubi surukinsa.

"Baba, Allah ya kiyaye, in wani abu ya faru, a nan tsayawa ake yi. A wurin. Ka kunna fitilun gefe huɗu, ka kira motar asibiti, ka jira. Wanda ya bugi mutum ya wuce, ko ofishin 'yan sanda ya nufa, a wurinsu gudu ya yi. Wannan ba tara ba ce, ɗauri ne. Kuma ba wanda zai taɓa ka."

Tsohon ya daɗe yana kallon taga. "Haka ake cewa," in ji shi. Ya miƙa hannu ya karɓi makulli.

An ƙara sunansa a takardar inshora, ya rubuta HAGU da manyan baƙaƙe ya manna kusa da agogon mota. Ranar farko ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna yana neman sitiyari, Auta ta yi dariya har da hawaye. Kwana biyu duk sa'ad da zai sa sigina sai abin goge gilashi ya tashi. Amma hannu tsoho ne. Kafin sati ya san inda kyamarori suke, ya san shataletalen da manyan motoci ke matse mutum, ya daina kai hannu oda. Safe ya kai ta, la'asar ya ɗauko ta. Ya fara cin abinci da kyau. Injiniya ya ce wa matarsa a ɓoye, da an sani da tuntuni an ba shi motar.

Ranar tana cikin sati na huɗu. Ana yayyafi tun azahar, irin wanda ba ya jiƙa ƙasa sosai amma yana ɓata gilashi. Ƙarfe huɗu saura kwata ya iso kwanar da ake barin babban titi a shiga hanyar gidan tsofaffi. Ƙaramar hanya ce, gefe ɗaya doguwar katangar wani sito, gefe ɗaya shingen itatuwa. Ya rage gudu, ya sa sigina, ya dubi madubi. Madubin duk ɗigon ruwa ne. Ya karya hagu.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an jefi ƙofar baya da buhun da ba a cika ba. Sai wani abu rawaya ya gifta ta gilashin gefe, sai kukan ƙarfe a kan kwalta.

Ba shi ya taka totur ba, ƙafar ce. Kafin ya san abin da ake ciki katangar siton tana gudu ta gefensa, hannunsa ya sa giya ta uku da kansa, kansa ya sunkuya tsakanin kafaɗu kamar mai jiran dutse ta gilashin baya. Ofishin 'yan sanda, ofishin 'yan sanda. Sai ya tuna bai san inda yake ba a garin nan. Muryar Injiniya ta zo masa, ɗauri ne, amma daga nesa take, kamar rediyon maƙwabci.

Ya dubi madubin tsakiya don ya ga mutum nawa suka biyo shi, da ƙafa ne ko da babur.

Babu kowa. Titi ne jiƙe, miƙe, fayau. Can baya a bakin kwana keke yana kwance, tayarsa ɗaya tana juyawa. Kusa da shi rawayan abin nan, bai motsa ba.

Ya sake dubawa. A gida da yanzu mutum goma sun kewaye, an sami mai riƙe kai, an sami mai tsayar da mota. Shekara da shekaru yana cewa kada a tsaya, bai taɓa tambayar kansa wa zai ɗauki wanda aka buge ba, domin masu ɗauka ba su taɓa rasuwa ba. Su ne dai masu duwatsun. A nan babu duwatsu, babu hannuwa. Rawayan abin yana ƙara ƙanƙancewa a madubi.

Ya taka birki har motar ta mutu. Ya gwada tayar da ita don ya yi ribas, yatsunsa suka ƙi riƙe makulli. Ya ja birkin hannu, ya fita, ya bar ƙofa a buɗe. Rabonsa da gudu shi kansa ba zai iya tunawa ba. Mutum mai shekara sittin da shida, da takalmin fata mai santsi, gwiwa tana ƙara, iska tana yanka ƙirji. Hanyar da mota ta cinye cikin ƙiftawar ido ta ƙi ƙarewa.

Mace ce, ba yarinya ba, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin hular kwano. Rigar ruwa rawaya. Idonta a buɗe, tana numfashi da sauri, hannunta na hagu ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Tuffa ta watse daga kwandon keken har cikin kwata. Ya durƙusa ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta zai cicciɓe ta, ta yi ƙara ta ce wata kalma sau uku. Yaren ƙasar bai wuce gaisuwa da godiya a bakinsa ba, amma wannan ya gane. Ya janye hannu. Ya cire babbar rigar sanyinsa ya lulluɓa mata, ya tare mata yayyafi da bayansa. Lambar motar asibiti ta gudu daga kansa, sai ya kira Auta.

"Na bugi mutum. A kwanar sito. Tana da rai."

"Kana ina, Baba?"

"Ina wurin."

Ya ji ta sauke numfashi. "Kada ka motsa ta. Kai ma kada ka motsa, zan kira motar asibiti. Ga ni nan."

Sai ya ji takun mutum a bayansa, da sauri, da haƙin kare. Bai waiwaya ba. Ya dafe ƙeyarsa da hannu biyu, ya sunkuya a kan matar, ya rufe ido. Takun ya tsaya. Ruwan da ke sauka a wuyansa ya ɗauke. Da ya ɗago, wani ƙaton mutum ne mai jan gemu, igiyar kare a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya buɗe laima a kansu su biyu. Bai yi murmushi ba. Ya dubi tsohon, ya dubi motar can nesa da ƙofarta a wangale, ya sake dubansa.

Auta ta iso da kayan aikinta babu laima, sai motar asibiti, sai ta 'yan sanda. 'Yar sanda ce, matashiya, mai magana a hankali. Ta miƙa masa wani bututu ya hura, ta duba, ta gyaɗa kai. Ta ja mai karen gefe. Tsohon bai ji yaren ba amma ya ga hannun mutumin ya yi nuni da kwana, sannan ya wurga shi gaba, fuu, har inda motar take. Fuskar Auta ta canza.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya ga ka ƙara wuta."

'Yar sandan ta nemi takardu. Suna cikin mota. Ta ɗauko wata 'yar taya mai sanda daga bayan motarsu ta riƙa gungurawa a kan kwalta, su uku suna tafiya, tayar tana ƙas, ƙas, ƙas. Gefen hanyar duk fili ne, ko'ina mota za ta iya tsayawa, kuma duk su ukun suna gani. A bayan motar ta tsaya ta rubuta lamba. Auta ta leƙa. Mita ɗari biyu da goma.

Ta duba lasin, ta duba inshora, ta ɗan daɗe a kan takardar da aka rubuta HAGU. Sannan ta yi tambaya ɗaya, gajera, ta jira.

"Ta ce me ya sa motar take nan, hatsarin yana can." Auta ba ta canza murya ba, kamar mai ci gaba da fassara. "Baba, ka ce wurin fakin kake nema. Ka ce ka ruɗe da giya. Ka faɗi ko mene ne da Hausa, ni na san abin da zan gaya mata."

"Ki ce mata gudu na yi."

"Ba zan faɗa ba."

"Auta."

"Ɗaure ka za su yi. A ƙasar da ko ruwa ba ka iya roƙa ba. Me zan gaya wa su Yaya? In ce na kira ka hutu na kai ka kurkuku?"

"Yarinyar nan ba makauniya ba ce. Ta auna da kanta. Mai kare ya gani." Ya yi maganar yana kallon takalminsa da ya cika da ruwa. "In na yi ƙarya ta kama ni, na zama mai gudu kuma maƙaryaci. Bar ni da guda ɗaya."

'Yar sandan tana duban wannan tana duban wancan, biro a tsaye. Ta ce wani abu.

"Ta ce in ba zan iya ba, za ta kira tafinta a waya."

"To kin ji. Gara a bakinki."

Ya faɗa, guntu-guntu, yana tsayawa Auta tana juyawa. Ya ce laifin kwana nasa ne, bai juya wuya ba. Ya ce a inda ya fito, direban da ya tsaya ba kullum yake komawa gida ba, kuma ya gani da idonsa, yana ƙarƙashin motar ubangidansa. Ya ce shi kansa ya koya wa mutum fiye da ashirin kada su tsaya. An gaya masa dokar nan, ya ji, ƙafarsa ce ba ta ji ba. Da ya duba madubi bai ga kowa a kanta ba, sai ya koma. Auta ba ta rage komai ba. Ya sani, domin tsawon nata ya yi daidai da nasa.

'Yar sandan ta rubuta har ta juya shafi. Ta ce su tsaya nan. Ta koma da ƙafa, suna hangenta. Ta sake magana da mai kare, wannan karon ta nuna agogon hannunta, shi kuma ya nuna ƙarshen shingen, ya yi alamar gudu da gwiwar hannu. Ta hau bayan motar asibiti, ta daɗe. Ta sauko ta juya musu baya tana magana a rediyon kafaɗarta. Abokin aikinta, wanda tun ɗazu yake tare hanya, ya fara tahowa wajensu a hankali, hannunsa a ɗamara.

Tsohon ya cire agogonsa ya miƙa wa Auta.

"Na mene ne?"

"Riƙe dai."

Ta ƙi karɓa. Ya sa mata a aljihun riga. Ɗan sandan ya iso, ya wuce su, ya rufe ƙofar motar da ke buɗe tun ɗazu ruwa yana shiga, ya koma.

Motar asibiti ta tashi ba jiniya. 'Yar sandan ta dawo da littafinta, ta yi magana mai ɗan tsawo tana kallon tsohon, ba Auta ba. Auta ta dafa motar kafin ta fassara.

"Ta ce za a tuhume ka da karya kwana ba ka duba ba. Takarda za ta zo gida. Ta riƙe lasin ɗinka, kada ka ƙara tuƙi a ƙasar nan."

"Ɗayan fa?"

"Ta ce mai kare ya ce kafin ya kai ƙarshen shinge ka riga ka juyo da gudu. Matar kuma ta ce fuskarka ta fara gani." Auta ta ci gaba. "Ta ce ta karanta wa babbansu duk abin da ka faɗa. Abin da suka rubuta shi ne direba ya tsaya nesa, ya dawo, ya zauna da ita har aka zo. Ta ce mu tafi gida."

Tsohon ya buɗe baki zai yi godiya da yaren ƙasar, kalmar ta ɓace. Sai ya ɗan rusuna. 'Yar sandan ta gyaɗa kai, ta ɗauki tayarta ta awo ta saɓa a kafaɗa.

Ɗan sandan ne ya gyara musu fakin a gefen katanga. Auta ta kulle motar, ta kira mijinta ta ce ya nemi wanda zai zo ya ɗauka gobe, sauran bayani sai sun iso. Suka kama hanyar tashar bas, yayyafi bai daina ba. Sun yi nisa kaɗan gwiwoyinsa suka ƙi, ya zauna a kan wani dakalin siminti a bakin shinge. A nan ta lura haƙoransa suna haɗuwa, daga shi sai 'yar shara a jiƙe.

"Baba, ina rigarka?"

"Ta tafi asibiti."

Ta cire rigar sanyinta ta aiki, shuɗiya mai ɗauke da sunan gidan tsofaffi a ƙirji, ta ɗora masa a kafaɗa. Ba ta rufe shi ba, amma bai ce a'a ba. Suka zauna a nan har ƙafafun suka yarda su tashi.